Alhaji, ajiye miliyan ukunka ka nemi makullan shagonka

Wani mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano ya aiko da tambaya. Yana da kwamfutoci shida tsakanin shago da sito, da saba guda, wato babbar kwamfutar da ke riƙe lissafin kaya, duk ɗan yayansa ne ya haɗa. Da an ɗauke wuta an dawo da ita, sai kwamfutocin su daina ganin sabar har sai an kira yaron, ga shi yanzu ya tafi bautar ƙasa. An ba shi shawarar sayen sabuwar saba ta naira miliyan 3, ya ƙara intanet mai ƙarfi ya riƙa sayar wa maƙwabta, wai kuɗin zai dawo cikin wata shida.

Alhaji, sabarka lafiyarta lau. Abin da ya lalace shi ne duk sirrin shagon yana kan mutum ɗaya, kai kuma ko layi guda ba ka da shi a rubuce. Ba za ka taɓa ba wa yaro makullin sito tilo ya tafi da shi wata jiha ba, amma kalmar sirrin rautarka (na'urar da ke haɗa kwamfutocinka da juna da intanet) da ta sabarka suna can tare da shi. Ba maganar cin amana ake ba. Ɗan'uwa ne, shi ya sa ka ji nauyin cewa ya rubuta maka, shi kuma bai ga dalili ba tunda kullum yana kusa.

Alamar da ka bayyana sananniya ce. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambar IP, wato adireshin da sauran na'urori ke samunta da shi, duk lokacin da ta tashi, ta tsarin rabon lamba da ake kira DHCP. In wuta ta dawo, tana iya ba wa sabar lamba daban, alhali manhajar ciniki da ke sauran kwamfutocin tana neman tsohuwar. Abin da yaron ke yi in ya zo bai wuce gyara lambar ba. A kafa wa sabar lamba ta dindindin, misali 192.168.1.10, firinta 192.168.1.20, na'urar kyamarori 192.168.1.30, sannan a taƙaita rautar ta riƙa raba lambobin da ke ƙarewa da 100 zuwa 200 kawai don kada a yi karo. Aikin bai kai awa guda ba. A duba kuma ko rauta biyu ne ke rabon lamba a lokaci ɗaya, wato ta kamfanin layi da wadda aka ƙara don Wi-Fi ya kai sito. In haka ne a kashe DHCP a ɗaya. Kwamfutar da ipconfig (umarnin duba lambar IP a Windows) ya nuna mata lamba mai farawa da 169.254 ba ta samu komai daga rauta ba, a bi kebul. Wadda kuma Windows ya sa hanyarta a Public, a mayar da ita Private, in ba haka ba ba za ta ga fayilolin da aka raba ba.

Saba da kwamfutar kashiya su hau kebul na Cat6, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Ka saya musu UPS, batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, kuma a jona rauta da suwic (akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa) a kai. Mutane da yawa sabar kawai suke jonawa, sai ta tsaya a kunne ba mai iya isa gare ta.

Yanzu aikinka na wannan makon. Kira ɗan naka, cikin mutunci, ku cike littafi guda ta waya: sunan kowace na'ura da lambarta, kalmar sirrin rauta, ta asusun shugaba a saba, ta Wi-Fi, lasisin manhaja da imel ɗin da aka yi rajistarsa da shi. Imel ɗin nan ne ake mantawa, kuma shagunan da suka raba gari da mai haɗa musu kaya sun sha biyan lasisi sau biyu saboda shi. Ka tambaye shi ko ya bar AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, a buɗe, ko ya buɗe ƙofar 3389 a rauta don ya riƙa shigowa daga nesa. Ta wannan ƙofar masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa suke yawan shiga ƙananan kamfanoni. A rufe ta. Ka gwada kowace kalma da hannunka, sannan ka canza su duka, littafin ya kwana a gida.

Batun sayar da intanet kuwa, bar shi. Sana'a ce mai buƙatar lasisin NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma ma'anarsa ka ɗora wayoyin baƙi kan hanya ɗaya da littafin bashinka. Wanda ya yi maka lissafin wata shida, tambaye shi ko shi ne mai sayar da sabar. Kuɗin da ya dace ka kashe shi ne na UPS, da ladan ƙwararre na yini ɗaya wanda zai miƙa maka aikinsa a rubuce, da faifan ajiya biyu na waje. A kwafi lissafi kowace yamma, faifai ɗaya ya kwana a wajen kasuwa, tunda 'yan Sabon Gari ba su manta gobarar 2016 ba. Duk ƙarshen wata a buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbatar yana karantuwa.