Na sayi ESP32, ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi allon ESP32, wato ƙaramar na'ura mai WiFi da ake loda wa manhaja don ta sarrafa kayan lantarki, amma kwamfutarka ta ƙi ganinsa, kuma kana son sanin ta inda za ka fara. Kafin ka zargi allon, duba wayar USB ɗin. Da yawa daga cikin wayoyin da ake sayarwa na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Ni kaina na ɓata yini guda a kan wannan, har na fara tsine wa mai shagon. Idan wayar lafiya lau ce, duba ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB, yawanci CP2102 ne ko CH340, sai ka sauko da direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi.

Daga nan saka Arduino IDE, manhajar kwamfuta da ake rubuta umarni da ita a loda wa allon, ka ƙara kunshin allunan Espressif, kamfanin Shanghai da ya fitar da ESP32 a 2016. Fara da kunna fitila da kashe ta, a alluna da yawa tana kan ƙafa ta 2 (ƙafafu su ne 'yan ƙarafan gefen allon, kowace da lambarta). In lodin ya tsaya cak, danne maɓallin BOOT har ya fara shiga.

Abin da ya fi ƙona allunan sababbin hannu shi ne wuta. Ƙafafunsa volt 3.3 suke ɗauka, kada ka kuskura ka ba su 5. Ka bar ƙafa ta 6 zuwa 11, na ma'ajiyarsa ne. WiFi ɗinsa kuma 2.4 GHz kaɗai yake kamawa, don haka in za ka haɗa shi da intanet ɗin wayarka ta hannu, sai ka mayar da ita kan wannan zango tukuna.