Ƙofar hasken lens ɗina ta maƙale, in ɗiga mata mai?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai ɗaukar hoto ne a Daura, na gaji wani tsohon lens Super-Takumar 50mm f/1.4 wajen Baba, ina ɗaura shi a kamarata da adafta. Yanzu in na kai shi f/8 don rage ƙofar haske sai ya ɗau lokaci kafin ya tsuke, wani lokacin ma ya tsaya a buɗe hoto ya fito fari fat, haka na yi asarar hotunan hawan Sallar Gani. Wani abokina ya ce in ɗiga mashi man keken ɗinki. Ya ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa dan Allah aje man nan, mai ɗin ne ma ya kawo ciwon. 'Yan siraran ƙarafan nan masu kama da ganye da ke buɗewa suna tsukewa, a bushe ƙayau aka yi su su yi aiki. Giris ɗin da ke cikin zaren fokas, wato inda lens ke murɗawa in kana saita hoto, shi ne ya tsufa, wannan lens ai ya haura shekara 50, zafi ya sa man cikinshi ya rabu ya gangaro kan ganyen, kuma ka san watan Afrilu a nan zafi na wuce digiri 40 balle ka bar jaka cikin mota. Sifirin ɗin da ke jan ganyen ɗan ƙarami ne, mai kaɗan ya ishe shi kasawa. Haska tocilan waya ta baya, in ka ga ganyen na sheƙi kamar an jiƙa su, to shi ne.

Amma fara duba ɗan makunnin A (otomatik) da M (na hannu) da ke gefe, ka kai shi M, don wasu adaftocin M42, wato irin mazaunin lens ɗin nan, ba su danna ɗan fil ɗin nan na baya da ke sa ganyen su tsuke in yana kan A, mutum ya yi ta zargin lens alhali lafiyarshi lau.

In man ne, nemi wuri mai tsabta ka rufe taga, kar ka yi wannan aikin ranar da hunturu ke tada ƙura. Shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da za ka kwance ka ɗauke shi hoto da waya tukuna. Kwance gilasan baya da sifanan lens mai baki biyu, ba da almakashi ba, na ga wanda hannunshi ya zame ya karce gilashi har yau yana cizon yatsa. Da ka iske ganyen, tsoma tsinken auduga cikin ruwan laita irin na Zippo ko isopropyl mai kashi 99, wanda masu gyaran waya ke wanke bod da shi, ka riƙa taɓawa a hankali kana bin kwanciyar ganyen, ka buɗe ka tsuke, ka sake sabuwar auduga, haka haka har ta daina fitowa da datti, kar ka danna don in ganye ɗaya ya lanƙwashe ko ya fita daga raminshi aiki ya koma wani abu daban. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da WD-40. Sifirit ɗin kemis ma akwai ruwa ciki, yana iya jawo tsatsa.

Gaskiyar magana wannan wankin rabin magani ne, man na iya dawowa bayan 'yan watanni tunda tsohon giris na nan. Maganin dindindin sai an fiddo ganyen ɗaya bayan ɗaya an wanke, an share zaren fokas an sa sabon giris. Wannan kam ban ba ka shawarar ka koya a kan kayan Baba ba, zaren nan bakinshi da yawa, in ba ka yi alamar inda ya rabu ba lens zai daina kama nesa. Kai wa mai gyaran kamara, kuma ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinshi kafin ka bar mashi.