Kafin ka karɓi makullin motar nan, duba nauyinta a takarda

Ƙanina, na ga saƙonka tun ranar Asabar, aiki ne ya hana ni zama in amsa maka a natse. Ka ce takardar jami'a ta fito, kana shirin tahowa Jamus, kuma wani abokinka ya kwaɗaita maka aikin hutun bazara: tuƙa motocin nan masu ɗaki da gado da madafa a ciki, waɗanda Jamusawa ke kira Wohnmobil, ana kai su daga wannan gari zuwa wancan. Tambayarka biyu ce. Ko lasisinka na gida zai wadatar, tunda ka yi shekara huɗu kana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin ka koma karatu? Kuma da gaske ne akwai na'urar da ke ƙirga wa direba awanninsa?

Ta farkon ba za ta yi maka daɗi ba. Lasisin Najeriya yana aiki a nan wata shida ne kacal daga ranar da ka yi rajistar zama. Bayan nan ya zama kati a aljihu. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da Jamus ke musanya wa lasisi kai tsaye, don haka sai ka zauna jarrabawar rubutu, sannan ka yi ta kan titi. Rangwamen da ake yi maka shi ne ba a tilasta maka yawan darussan da ake ɗora wa sabon shiga. Amma kada girman kai ya hana ka biyan 'yan awanni da malamin tuƙi. Ni ma da na zo gani nake babu abin da za a koya mini a sitiyari, sai ga shi an kayar da ni a karon farko saboda ban waiwaya ta kafaɗa na duba mai keke ba kafin in karya kwana.

To, ko ka samu lasisin, wane iri ka samu? Nan ne abokin naka ya yi maka tsallake. A Turai nauyi ake bi, ba girman jiki ba. Lasisin B, wanda kowa ke da shi, iyakarsa kilo 3,500. Daga nan zuwa kilo 7,500 sai C1. Abin da ya haura haka sai C, irin na direbobin manyan motocin kaya. C1 da C duk sai an gwada lafiyarka da idonka, kuma duk shekara 5 ake sabunta su. Nauyin da ake magana kuwa ba wanda motar ke da shi yau da safe ba ne, a'a, iyakar da aka yarda ta kai idan an cika ta. Yana rubuce a takardar mota, a gurbin da aka yi wa alamar F.2. Idan an rubuta 4,500 a wurin, ko babu ko cokali a cikinta, mai lasisin B bai isa ya motsa ta ba. Za ka ga motoci biyu a jere, tsayi ɗaya, fenti ɗaya, ɗaya halal ce a gare ka, ɗaya haram. Tuƙi ba tare da lasisin da ya dace ba kuwa laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda, kuma wanda ya miƙa maka makullin ma bai tsira ba. Ɗalibin da ke neman sabunta izinin zama ba ya buƙatar irin wannan tabo a fayil ɗinsa.

Za ka ga tsofaffi, wasu da kyar suke taka matakala, suna jan gari guda a kan titi, ka ce to su fa? Waɗannan sun ci gado ne. Wanda ya karɓi lasisinsa a Jamus kafin 1999 yana da izinin tuƙa har tan 7.5, wato kilo 7,500, a Ingila kuma kafin 1997. Maƙwabcina na cikinsu, kullum sai ya yi mini dariya cewa na biya kuɗi na sayi abin da shi aka ba shi a gyara. A 2025 Tarayyar Turai ta amince da sabuwar doka da za ta bar mai lasisin B ya tuƙa irin waɗannan motoci har kilo 4,250 bayan horo ko gwaji, amma an ba ƙasashe 'yan shekaru su shigar da ita dokokinsu. Kada ka ɗora lissafin bana a kanta.

Ko masu 3,500 ɗin ma suna da tarko. Kamfanoni suna matse su su tsaya a wannan iyaka don kowa ya iya saya, sai abin da ya rage na kaya ya zama ɗan kaɗan. Tankin ruwa lita 100 kilo 100 ne. Ƙara tukunyar gas, kekuna, mutum huɗu da jakunkunansu, kafin ka ankara ka zarce. 'Yan sanda suna ɗora su a sikeli a bakin hanya, musamman lokacin hutu.

Na'urar kuma gaskiya ce, takograf ake ce mata. Tana manne a gaban direba, kana zura mata katinka mai hotonka, ita kuma tana rubuta lokacin da ka tashi, gudun da ka yi, da lokacin da ka tsaya. Dokar Turai ta 561 ta shekarar 2006 ce ta tsara awannin. Bayan awa 4 da rabi na tuƙi dole ka huta minti 45, ko ka raba shi 15 sannan 30. A yini awa 9, ana yarda ka kai 10 sau biyu a mako. A mako kada ka wuce 56, a mako biyu kada ka wuce 90. Hutun kwana awa 11. Ka tuna yadda ka taɓa ba ni labari kun taso daga Legas, ba ku rintsa ba sai a Tafa, goro da shayi ne suka riƙe ku? A nan wannan tafiyar kaɗai ta isa ta jawo tara a kanka da kan mai motar. Jami'an BALM, wato hukumar Jamus da ke sa ido kan motocin kaya, da 'yan sanda idan sun tsayar da kai, suna iya karanta kwana 56 da suka wuce. Ba a cewa oga a yi haƙuri, babu na goro, na'ura ce ta riga ta ba da shaida.

Sai dai ba kowace mota mai ɗaki ke ƙarƙashin wannan doka ba. An yi ta ne don motocin kaya da suka wuce tan 3.5 da na fasinja masu kujera fiye da 9. Iyalin da ke yawon hutu da motarsu da ba ta wuce tan 7.5 ba, babu ruwansu da takograf. Rigimar tana can sama da haka. A 2023 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan wani direba a Suwidin, motarsa ta haura tan 7.5, gaba wurin kwana, baya wurin da yake loda baburan kan ƙanƙara na kansa. Ya ce ai ba haya yake yi ba. Kotu ta ce duk da haka kaya ne, dokar ta hau kansa. Tun daga nan masu manyan motocin da ke da gareji a baya, na doki ko na ƙaramar mota, suka shiga taitayinsu. Gudu ma ya bambanta: tsakanin tan 3.5 da 7.5 kilomita 100 a awa a babbar hanya, sama da haka 80.

Ra'ayina, aikin kai motocin nan ba abin da za ka taso daga Kano dominsa ba ne. Na lokaci ne, kuma ɗalibi daga wajen Turai kwana 140 cikakku ko rabi-rabi 280 aka yarda ya yi aiki a shekara. Idan ka samu, tsaya a masu 3,500, ka buɗe takardar motar da hannunka kafin ka sa hannu a komai, wanda ya ce babba ce amma babu matsala ka ce ya rubuta maka. In kuwa zuciyarka tana kan babbar mota a matsayin sana'a, wannan hanya ce daban: lasisin C, da ƙarin shaidar ƙwarewa mai lamba 95, wadda gajeriyar hanyarta awa 140 ce a aji da jarrabawa, sannan awa 35 duk shekara 5. Ana neman direbobi sosai, amma ba da bizar karatu ake shiga wannan ba.

Ka taho da lasisinka na asali, ka tabbata bai kusa ƙarewa ba, domin da shi za a buɗe maka fayil. Ka turo mini hotonsa gaba da baya in gani. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata saƙon kuka da daddawa ya iso.