Amsa ga mai neman ƙauyen tarihi a kusa da Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo ku lafiya. Kin ce za ku zo daga Katsina duba ɗanki da ke karatu a Samaru, kuna da yini guda rak, kuma kina son ƙauyen da za ki kai ƙannensa su ga tarihi da idonsu. Na ga wasu sun ce Turunku. Ba su yi kuskure ba, can ne mazaunin Bakwa Turunku, wadda ake cewa ita ta haifi Sarauniya Amina. Amma da yara da yini ɗaya, ni dai Kufena da Wusasa zan ce miki. Na yi shekaru ina koyar da tarihi a sakandare, kuma na kai ɗalibai wurin sau da dama.

Kufena dutse ne babba a bayan birni, gidaje da gonaki a gindinsa. Masu tarihi suna lissafa shi cikin tsofaffin mazaunan Zagezagi tun kafin birnin da muke gani yau ya tsaya da ƙafarsa, kuma masu binciken tsofaffin kaya na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna aiki a kai. Sai dai kada ki sa ran ganin allo ko mai karɓar kuɗin shiga. Ganuwar da ta kewaye wurin ta zube, saura tudun ƙasa mai tsawo da ya ratsa gonaki, in ba a nuna miki ba za ki taka ta ki wuce kina zaton kunya ce wani manomi ya tayar. Wani dattijo ne ya fara nuna mini. Ya sa sanda ya tona gefen tudun, ya ɗago tsingaro mai zane a bakinsa ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Malam, mai wannan tukunya ta riga kakan kakanka." Ya karɓe abinsa ya mayar inda ya tono. Tun daga ranar na hana ɗalibaina ɗaukar komai, ku ma don Allah ku bar shi a nan.

Hawan kuwa, ku yi sammako. Shekarar da na fara kai yara na yi wautar barin sai bayan azahar, a watan Afrilu. Dutsen ya ɗau zafi kamar kaskon tuya, ruwanmu ya ƙare a rabin hanya, wata yarinya mai silifas ta zame ta goge gwiwa, muka sauko ba mu kai ko'ina ba. Da damina kuma santsi ne. Bayan kaka ya fi, kafin hazo ya yi kauri. A lokacin in kin hau za ki hango birni da rimayensa, ga dutsen Madarkaci, yara su gane da kansu dalilin da ya sa mutanen zamanin da suka zaɓi gindin dutse: ka ga mai zuwa tun bai gan ka ba.

In kun sauko sai Wusasa, ko da yake yanzu gari ya cim mata, da ƙyar za a kira ta ƙauye. Nan ne 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, suka koma a 1929 bayan zaman da ɗan mishan Dokta Walter Miller ya yi a cikin birni. Majami'ar St Bartholomew ginin ƙasa ce irin ta maginan Hausa, da bakan gizo da kauri na bango, kina shiga za ki ji sanyi ya ratsa ki ba fanka. Ni Musulmi ne, na yi sallama na nemi izini, aka zagaya da ni da mutunci. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, a makarantar mishan ta nan ya yi karatu. Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki ba ginin ba ne, jin tsohuwa Kirista tana zuba Zazzaganci tsantsa, har da karin maganar da su ba su taɓa ji ba. Wani yaro ya raɗa mini, "Malam, ashe Bahaushiya ce?" Na ce je ka gaishe ta ka tambaye ta.

Kafin ku hau, ku fara zuwa gaida mai unguwa, shi zai haɗa ku da yaron da ya san hanya. Ku riƙe goro ko ɗan abin sabulu, a ba yaron nasa daban. Ban da ɗaukar hoton matan aure ko leƙa gida ba izini. Keke Napep zai kai ku daga unguwar Ɗanmagaji a Zariya, amma ku yi shata ya jira ku, don samun na dawowa da yamma sai an sha tsayuwa. Ku taho da ruwanku, rake da dafaffiyar gyaɗa kuwa za ku samu a bakin hanya in lokacinsu ne.