Yaya Matashin Hafsa Zai Jagoranci Sajen da Ya Girme Shi?

TAMBAYA: Ɗana ya kammala makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, an maƙala masa anini ɗaya, kuma na ji za a danƙa masa sojoji kusan talatin, ciki har da sajen da ya kusa sa'ana. Shin horon da ya samu ya isa ya shugabanci irin waɗannan mutane? Wani mahaifi daga Gusau.

AMSA: Malam, barka da arziki, Allah ya tsare shi. Shekaru biyar da ya yi a wannan makaranta, wadda aka kafa a 1964, sun ba shi digiri da tushen aikin soja, amma rundunar kanta ba ta ɗauka cewa ya gama koyo ba. Nan gaba kaɗan za a tura shi kwas ɗin ƙananan hafsoshi a makarantar sashensa: Jaji idan sojan ƙasa ne mai yaƙi da ƙafa, Bauchi idan na tankokin yaƙi ne, Kachiya idan na manyan bindigogi ne. Sai ya ci jarrabawa kafin ya zama kyaftin, daga baya kuma ya halarci ƙaramin kwas na kwalejin hafsoshi ta Jaji, wadda aka buɗe a 1976.

Maganar sajen ita ce ta fi damuna, domin a nan ne ƙananan hafsoshi da yawa suke tuntuɓe. Sajen zai sara masa a filin fareti, amma shi ne ya san sojan da matarsa ke kwance asibiti, da wanda takalminsa ya yage, da wanda ke gyangyaɗi a bakin gadi. Ya kamata ɗanka ya riƙa neman shawararsa a keɓe kafin ya ba da umarni, kada kuma ya taɓa tsawata masa a gaban yaransa. Duk da haka hukunci na ƙarshe na ɗanka ne, kuma idan aka yi kuskure shi kwamanda zai tuhuma.

Sojoji suna lura da hafsan da ke tsayawa sai kowa ya karɓi abinci kafin ya miƙa kwanonsa, wanda ke duba ƙafafunsu bayan doguwar tafiya a daji, yana kuma bin kadin alawus ɗinsu idan ya makara. Idan ya kira ka a waya, Malam, ka tambaye shi sunayen mutanensa da garuruwansu, ka ji nawa zai iya lissafawa.