Amsar Yaya ga Auta kan tafiyar dogon hutu

Assalamu alaikum 'yan gida. Auta, na saurari muryarka, sai yanzu na samu zama. Bari in maimaita wa waɗanda ba su ji ba, don gurup ɗin nan kafin mutum ya leƙo saƙo ya binne saƙo. Yana so ne in yara sun yi dogon hutu ya kwashe su da mamansu da Hajiya, su yi Umra, su biya Masar, su biya Turkiyya, duka cikin sati 2. Wani kamfani ya ba shi farashi a dunƙule, biza da tikiti da masauki da abinci. Kawu ya ce ya biya kawai ya huta, abokansa na ofis kuma sun ce komai yanzu a waya ake yi, asarar kuɗi ce. Shi ne yake tambaya wanne zai ɗauka.

To ni dai a nawa ganin, Auta, kada ka ɗauki ko ɗaya gaba ɗayansa. Ka raba tafiyar nan biyu. Ɓangaren Saudiyya ka ba ejan, ɓangaren Turkiyya ka riƙe a hannunka. Masar kuma zan zo kanta, don ina da magana.

Saudiyya ba wurin gwada wayo ba ne, musamman da tsohuwa a tare da kai. Bizar Umra dama ta hannun kamfani take fitowa ga mai fasfo irin namu, kuma kamfanin dole ya zama yana da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Ka ce su nuna maka takardar, ta bana, ba wadda ta tsufa a jikin bango ba. Sannan ka tuna wane lokaci za ku je. Yuli da Agusta zafin Makka yana wuce digiri 40. Mu nan Kaduna muna cikin damina muna jan bargo da asuba, can kuwa rana kaɗai ta isa ta gaya maka inda kake. Kana buƙatar wanda zai tarbe ku da mota a filin jirgi, wanda ya san inda ake samun keken da za a tura Hajiya wajen ɗawafi da sa'ayi, wanda zai taya ku neman izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, tunda yanzu ba a shiga sai da shi. Wannan hidimar ita kake saya da kuɗinka, kuma ta cancanci kuɗin.

Amma fa ka zauna da su ka yi musu tambayar ƙwaƙwaf. In suka ce maka masauki kusa da Harami, ka ce mita nawa, kuma menene sunan otal ɗin. Ka buɗe taswira a gabansu ka duba. Wanda yake Ajyad ko farkon titin Ibrahim Khalil daban, wanda yake can ƙarshen Misfala ko Aziziyya daban, duk kuma "kusa" za a ce maka. Na taɓa haɗuwa da wata baiwar Allah a Makka, ita da mahaifiyarta, an sauke su inda sai sun jira motar otal kafin su zo masallaci. Tsohuwar nan in ta zo Azahar ba ta komawa sai bayan Isha, tana zaune a jikin ginshiƙi da robar ruwa da dabino a leda, ƙafafunta sun kumbura sun fi ƙarfin silifas. Ba cutarsu aka yi a takarda ba, abin da suka sa wa hannu kenan, ba su dai tambaya ba.

Ka tambayi farashin nan na ɗaki mutum nawa ne. Yawanci kuɗin da ake tallatawa na mutum 4 ne a ɗaki, maza daban mata daban. In kana so ku zauna iyali ɗaya, lissafi ya canza. Ka tambayi kwana 14 ɗin nan har da ranar tashi da ranar dawowa, don galibi har da su. Ka tambaya in biza ba ta fito ba nawa za a maido maka, a rubuce. Kuɗi kuma asusun kamfani za ka tura, ba na wani yaron ofis ba, ko da kuwa ɗan unguwarku ne.

Sai batun tikiti, nan ne ake cin mutane. Takardar da aka buga maka da sunanka da lokacin tashi ba ita ce tikiti ba, tana iya zama ajiyar kujera ce kawai da za ta mutu bayan 'yan kwanaki. Tikitin gaske yana da doguwar lamba mai alƙaluma 13. Akwai kuma wata 'yar gajeriyar lamba mai haruffa 6. Ka ɗauke ta ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka ga sunan kowa ya fito, kuma yadda yake a fasfo harafi da harafi. Na Hajiya musamman, ka san yadda aka rubuta mata shi.

Yanzu tsarin tafiyar. Ka sa Umra a ƙarshe. Na san Kawu zai ce ibada ce gaba, Allah ya ba Kawu haƙuri, amma ka yi tunanin kaya. Zamzam lita 5 ake ba kowa ya fito da shi. Ku lissafa kanku, ga dabino, ga tsarabar Hajiya wadda ni da kai mun san ba ta da iyaka. Wa zai yi ta jan wannan daga Jidda zuwa Alƙahira zuwa Istanbul? Kuma in za ku shiga Saudiyya, ku sauka Madina tukuna. Akwai jirage kai tsaye daga Istanbul da Alƙahira. Ku yi ziyara a natse, ku ɗauki harama a Zul Hulaifa, sannan ku hau jirgin ƙasan Haramain, wajen awa 2 da rabi kuna Makka, maimakon awa 5 ko 6 a bas. In kuwa Jidda kuka nufa kai tsaye, to a cikin jirgi za a wuce miƙati, sai ka ga namiji yana kokawa da harami a ɗan banɗakin nan, yara suna kuka.

Istanbul kuwa, wallahi ba ka buƙatar mai riƙe maka hannu. Ka kama masauki a unguwar Sultanahmet ko Laleli, ka sayi katin Istanbulkart na biyan kuɗin mota da jirgi, taragon cikin gari na T1 ya ratsa duk inda kuke so. Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020, da Masallacin Sultan Ahmad suna kallon juna, da ƙafa ake zuwa. Babbar kasuwar Grand Bazaar ba ta ci ranar Lahadi, ka sa wannan a lissafi, kada maman yara ta ci ado ta tarar da ƙofa a rufe. Abinci ba abin damuwa ba ne, ƙasar Musulmi ce. Abin da ya sa ba na son tawaga a irin wannan gari, ƙarfe 8 na safe an ce kowa ya fito, a zuba ku a bas, inda kake son daɗewa a ba ka minti 40, a kai ku shagon fata ko na alawa ku shafe awa guda, saboda mai jagoran yana da la'adarsa a ciki. Da yara da tsohuwa, wata rana abin da kuke buƙata kawai ku yi barci har hantsi, da yamma ku hau jirgin ruwa ku tsallaka ɓangaren Asiya ku dawo. Tawaga ba za ta jira ku ba.

Sai dai in za ka sayi tikiti da kanka, ga inda za ka kula. Istanbul filin jirgi 2 ne da ita, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen yana ɓangaren Asiya, kuma akwai tazara sosai. Jiragen masu araha da yawa daga na biyun suke tashi, kilon kayansu ma bai kai na babban jirgin da ya kawo ku daga Abuja ba, sai ka biya a kilo abin da ka rage a tikiti. Kuma in ka sayi tikiti guntu guntu daga kamfanoni daban, na farko ya yi latti, na biyu ya tashi, babu ruwan kowa da kai. Gara ka sayi mai zango da yawa a lamba ɗaya, ko da ya ɗan fi tsada. In ka ga wani mai arha da zai biya da ku ta Jamus ko Faransa, ka bar shi. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin ba.

To Masar. Ni da za ka ji tawa, ka cire ta bana. Ba don ba ta da abin gani ba, ga Azhar da ta haura shekara 1000, ga kasuwar Khan Khalili, ga dalar Giza. Amma ƙasa 3 a sati 2, ka cire ranakun jirgi da haɗa kaya da kwance kaya, me ya rage? Kowace ƙasa da bizarta, da kuɗinta, da jiranta, kuma fasfo ɗaya ne da kai, in yana wannan ofishin jakadanci ba ya wancan. Dalar nan kuma a fili take fetal, babu inuwa, a watan Agusta. In ka nace sai kun je, kwana 2 ya isa, kuma ka nemi ɗaya daga cikin ɗalibanmu da ke karatu a Azhar ya zagaya da ku, ka sallame shi da kyau. Ya fi maka kowane ɗan jagora, da Hausa zai yi wa Hajiya bayani.

Abokan ofis ɗinka da ke cewa komai a waya ne, da Kwatano da Lome da Akara za ka, da na goyi bayansu. Can ba biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90, ka canji sefa da sidi, in ka shiga zango ma Hausa za ka ji. Wannan tafiyar ba irin waccan ba ce.

Abin da za ka fara yi a satin nan, tun kafin ka ba kowa ko sisi, ka fito da fasfon kowa ka duba. Ya zama da sauran aƙalla wata 6 daga ranar tafiya, na yara shi ake mantawa. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, kowa ya samu nasa na gaske, da allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema. Kuɗi kada ka dogara da kati kaɗai, ka riƙe dala a jikinka, amma in ta wuce 10,000 sai ka bayyana wa kwastam. Ranar tashi kuma kada ka ce daga Kaduna za ku kama hanya ku wuce filin jirgi kai tsaye. Ku hau jirgin ƙasa a Rigasa tun ana gobe, ku kwana Abuja. Ka kuma kwatanta da tashi daga Kano, wani lokaci ya fi sauƙi, musamman dawowa daga Jidda. Dawowar ma ka bar tazarar 'yan kwanaki kafin a koma makaranta a Satumba.

Ka koma wurin kamfanin nan ka ce su cire maka Turkiyya da Masar, su ba ka kuɗin Umra zalla, da sunan otal na Makka da na Madina. Ka turo min ta gefe in duba, kada ka sa a gurup. A gaida Hajiya, a ce mata zan shigo Juma'a in Allah ya yarda.