Neman magani yana rage tawakkali?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zuwa wurin likita da fafutukar neman abinci suna rage tawakkali, tunda komai rubutacce ne. Sam, ba sa ragewa.

Dubi hijirar Annabi (SAW) a shekarar 622. Ba wanda ya kai shi dogaro ga Allah, amma bai fita da ka ba. Madina tana arewa, sai ya yi kudu, ya ɓuya a kogon Sauru kwana 3 tare da Sayyidina Abubakar. Ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ma ba Musulmi ba ne. Amir bin Fuhaira kuwa yana koro tumaki su tattake sawun mai kawo musu labari. Da masu nema suka tsaya a bakin kogon, dabara ta ƙare, sai ya ce wa abokinsa kada ya yi baƙin ciki, Allah yana tare da su.

Ni dai labarin Nana Maryam ya fi taɓa ni. Tana cikin naƙuda, jiki ba ƙarfi, aka ce ta girgiza kututturen dabino, nunannu su zubo mata. Ƙato ma da ƙyar zai motsa shi, amma aka ce ta sa hannu.